Jirgin Farko

Mu mazauna Apapa kullum manyan jiragen teku muke kallo, alhali jirgin da ya fara ciyar da gidajen wasunmu na katako ne. Kakanninmu Sarkawan Kabi da gora da homa suke su. Sai mai hali ke sayen kwalekwalen da aka sassaƙa daga kututture guda. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan Yawuri ya buɗe, igiyarsa ta ƙaru, aka koma jirgin falanki. To, ga kuɗin katako da ƙusa, ga taru, ga filafili. Sau da yawa mu fatake ke ba da bashin, a biya mu da banda, mu loda mota sai Ikko. Wanda jirginsa ya kife kuwa, sai ya koma yaron jirgin wani, bashinmu na wuyansa.