Tsaunin Mambila: Ƙasar sanyi mai harsuna da dama

Tsaunin Mambila, wanda ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, shi ne tudu mafi bisa da jama'a ke zaune a kansa a Najeriya.

Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, wato ya ɗara na Jos, amma duk da haka 'yan Arewa da dama sun fi jin sunansa a labarin madatsar ruwan da aka daɗe ana alƙawarin ginawa, fiye da a matsayin wurin da ake kai wa ziyara.

Babban garin yankin shi ne Gembu, kuma daga nan zuwa kan iyakar Kamaru ba wata tazara ba ce.

Hanya

Ga matafiyin da ya taso daga kudancin jihar Katsina, alal misali daga Matazu ko Malumfashi ko Funtuwa, tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma da wuya a yi ta a ƙasa da kwana biyu.

Akan bi ta Zariya zuwa Jos da Bauchi da Gombe, a ratsa Numan a sauka Jalingo. Daga Jalingo sai a nufi kudu ta Bali da Serti har Mayo Selbe, inda tsaunin ya soma.

Daga Mayo Selbe ne hanya ke fara murɗewa tana hawa, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Wani sashe na hawan ana kiransa Biyu da Sisi, sunan da ya samo asali tun zamanin da ake kashe sule.

Idan aka kai sama, sai ƙasa ta buɗe: tuddai ne a jere lulluɓe da ciyawa, da garken shanu, da layukan itatuwan turare da aka dasa domin katako da makamashi. Hanyar ta ratsa Maisamari da Nguroje kafin ta kai Gembu.

Yanayi da noma

Zafin rana a kan tsaunin bai cika wuce digiri 25 a ma'aunin Selshiyos ba, da dare kuwa sai da bargo, ko da a watan Afrilu ne, lokacin da mutanen Katsina ke kwana a tsakar gida saboda zafi.

Damina na somawa da wuri kuma tana daɗewa, ruwan da ake samu a shekara kuma ya kusa ninka na yankin Funtuwa sau biyu.

Manomin masara daga kudancin Katsina zai ga abin da ya sani, domin masara ce babban abincin mutanen Mambila. Abin da zai zame masa baƙo shi ne ganin ta kusa da ayaba da fiya da gwaza da gahawa.

A Kakara akwai gonar ganyen shayi da aka kafa tun shekarun 1970, wadda ake sarrafa shayin Highland Tea daga cikinta. Tana daga wuraren da baƙi suka fi zuwa gani.

Tsayin wurin ya sa ƙudan tsando bai samu wurin zama ba, abin da ya janyo Fulani makiyaya suka yi ta hawowa da dabbobinsu, musamman daga shekarun 1940.

Harsuna

Bahaushe ya saba da cewa duk inda ya shiga a Arewa harshensa ne na kasuwa. A Mambila lamarin ya ɗan bambanta.

Ana jin Hausa a Gembu da Nguroje da sauran garuruwan kan hanya, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama, sai dai Fulatanci ne ya fi haɗa ƙabilun yankin, kamar yadda yake a ƙasar Adamawa.

Harshen Mambila kansa ya kasu zuwa karuruwa masu yawa, har ta kai mutanen wasu ƙauyuka biyu kan sha wuyar fahimtar juna. Bayan su akwai Kaka da Panso da Kambu, waɗanda 'yan uwansu ke tsallaken iyaka a arewa maso yammacin Kamaru, kuma ta nan ne Turancin buroka ya samu gindin zama.

Ba abin mamaki ba ne a ga ɗan kasuwa ɗaya ya yi ciniki da harsuna huɗu kafin azahar.

Masana harsuna na ba wa wannan yanki muhimmanci na musamman, saboda akasarinsu na ganin daga kan iyakar Najeriya da Kamaru ne kakannin masu magana da harsunan Bantu suka bazu zuwa tsakiya da gabashi da kudancin Afirka, shekaru dubbai da suka wuce.

Sai dai ƙananan harsunan na ɓacewa. Wani masani mai suna Bruce Connell ya taɓa samun mutum ɗaya tak da ya rage mai jin harshen Kasabe a ɓangaren Kamaru na ƙasar Mambila. Da ya koma domin ya ci gaba da nazari, sai ya tarar mutumin ya rasu a watan Nuwamban 1995, harshen kuma ya bi shi.

Tarihi

Wannan cuɗanya na da nasaba da yadda aka yi ta sauya wa yankin uban gida.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin Kamarun da Jamus ke mulka. Bayan an ci Jamus da yaƙi sai ya koma hannun Birtaniya a matsayin amana, da farko a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, daga baya kuma Majalisar Ɗinkin Duniya.

A ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961, arewacin Kamarun Birtaniya ya zaɓi shiga Najeriya, kudancin kuma ya zaɓi Kamaru. An raɗa wa sabon lardin sunan Sardauna, domin girmama Firimiyan Arewa Sa Ahmadu Bello, wanda ya yi yaƙin neman ra'ayin jama'ar.

Yankin Mambila ya shiga jihar Arewa maso Gabas, sannan Gongola a 1976, sannan Taraba a 1991.

Akwai makamancin wannan a tsaunukan Alps na Turai, inda lardin Tirol ta Kudu ya fita daga Ostiriya ya koma Italiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana kuma magana da Jamusanci da Italiyanci da harshen Ladin a cikinsa. Bambancin shi ne can harsunan na da gurbi a makarantu da ofisoshin gwamnati, a nan kuwa galibinsu a baki kawai suke.

Wuraren gani

A arewa da tsaunin akwai gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka mai da na ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Najeriya, da faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000. Ofishinsa na Serti, kuma ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya.

A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar. Hawansa tafiyar ƙafa ce ta kwanaki.

Wanda ba shi da wannan ƙarfi zai iya tsayawa a kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, ɗaya daga 'yan kurmin tudu da suka rage, inda har yanzu ake samun biran cimpanzi da tsuntsayen da ba a ganinsu a wasu sassan Najeriya.

Matsaloli

Ni'imar da ke jan baƙi ita ce kuma tushen rikicin yankin. Manoma da makiyaya na takaddama a kan filaye, kuma an yi asarar rayuka a tarzomar 2002 da ta watan Yunin 2017. Daga 2017 rikicin 'yan aware a Kamaru ya koro 'yan gudun hijira zuwa ƙauyukan kan iyaka.

Aikin wutar lantarkin da aka tsara yi a kan kogin Donga, mai ƙarfin megawat 3,050, an amince da kwangilarsa a 2017 a kan kusan dala biliyan 5.8, amma takaddamar shari'a da wani kamfani ta kai batun gaban kotun sasanci a birnin Paris.

Masaukan baƙi a Gembu ba su da yawa, kuma babu na alfarma. Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanya ta bushe, ko da yake hazo kan rufe tuddai a wasu ranakun.

Direbobin da suka san hanyar kan bar Jalingo da asuba, domin su gama hawan tsaunin kafin faɗuwar rana.