Daga Hausawan Gulofa Zuwa Runduna Ta 82: Yadda Aka Gina Sojan Nijeriya

Mu da muke sauke albasa da tattasai a Ose Okwodu, kullum muna kallon Asaba a tsallaken Kwara, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa tarihin soja ya bi ta wannan gaɓa.

A shekarar 1863 wani Bature mai suna Gulofa ya tara mutum 18 'yan Arewa a Ikko, ya ba su bindiga, aka riƙa ce musu Hausawan Gulofa. Nan ne tushen sojan ƙasar nan. A 1886 Kamfanin Neja, mai hedkwata a Asaba, ya kafa nasa dakarun don tsaron cinikinsa. To kun ji, kasuwa ce ta fara kiran soja bakin kogin nan. A 1897 aka ba Lugga aikin haɗa rundunar Afirka ta Yamma, da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 kuma sai sojojin ɓangarorin biyu suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya. A wancan zamani da Hausa ake ba da umarni a bariki.

Tsarin soja hawa-hawa ne, kamar yadda muke da yaron shago, da maigida, da shugaban layi, da Sarkin Hausawa. Kurtu yakan fara daga Defo na Zariya, hafsoshi kuma daga makarantarsu ta Kaduna da aka buɗe a 1964. Mutum kamar goma su ne ƙaramin rukuni, a hannun kofur. Rukuni uku sun zama filatun, laftana ke riƙe da shi, saje na dafa masa. Filatun uku ko huɗu sun zama kamfani a hannun manjo. Kamfanoni su haɗu su ba da bataliya ta laftanar kanar, bataliyoyi su ba da birged ta birgediya, birged-birged kuma su ba da runduna ta manjo janar. Ta 1 tana Kaduna, ta 2 Ibadan, ta 3 Jos, ta 6 Fatakwal. Ta 82 da ke Inugu ta gaji sunanta ne daga rundunar da kakanninmu suka yi yaƙin Bama a cikinta.

Akwai ɗaci a tarihin nan. Bayan kashe-kashen 1966 Ibo suka baro Arewa, iyayenmu su ma suka bar Gabas. A Oktoban 1967 Runduna ta 2 ta Murtala Muhammad ta yi ƙoƙarin ƙetare Kwara zuwa Anaca, aka yi asarar rayuka masu yawa, babbar kasuwa ta ƙone, garin bai faɗi ba sai Maris 1968. A Asaba kuwa sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan fararen hula. Maƙwabtanmu ba su manta ba, kada mu yi kamar ba mu sani ba.

Saboda haka idan wata matsala ta haɗa ɗayanmu da soja a hanya, kada a yi musu da mai bindiga. Kowane soja yana da na gaba da shi. A kawo wa ƙungiya, ta rubuta wa kwamandansa. Kuma kada wani ya kira ɗan uwansa soja cikin rigimar kasuwa, domin shi zai koma bariki, mu ne za mu kwana da maƙwabta.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.