Azara: Icen Da Ya Ɗauki Katsina A Kai

Mai karatu, in kana cikin masu son finafinan sarauta, ka tuna da zauren da ake zaman fada a ciki. Kyamara takan tsaya kan rawani da alkyabba, ba kasafai darakta ke ɗaga ta sama ba. To, da ya ɗaga, da ka ga bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu a tsakiya. Abin da ke riƙe da shi a cikin ƙasar nan ice ne, sunansa azara.

Azara dai gangar giginya ce da ake tsagawa gida-gida, kuma magina sun fi son ta namijin giginya don ta fi tauri. Gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa take daɗewa. Amma tana da iyaka: in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6 babu abin tokare ta, sai ta soma lanƙwasa saboda nauyin ƙasa. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ci taron jama'a? Nan gwanintar take. Sai a dasa azara a bangon nan da wancan, a ɗaura wata a kanta da igiya tana ɗan zarcewa, hawa-hawa, har su gamu a sama, a lulluɓe da ƙasa. Bakan gizo ke nan. In an gicciya su suka haɗu a tsakiya, ya zama ɗaurin guga. Sannan a jera ƙananan azara a tsakani, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a shafe da makuba, a sa indararo.

Da irin wannan fasaha aka rufe zaurukan Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina. Hasumiyar Gobarau ma, mai tsawon kusan ƙafa 50, wadda ake danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, ragowar masallaci ce da makaranta, wato wurin taron mutanen birni.

Amma ginin da ya fi shafar mu masu karatun littattafai shi ne Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Turawa ne suka kafa ta, amma da ƙasa da azara aka gina ta. Abubakar Imam na Ruwan Bagaja a nan ya yi karatu. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, labarin da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya koyar a nan. Kai, aƙalla uku daga cikin littattafai biyar na gasar 1933 daga ƙarƙashin wannan rufi marubutansu suka fito! A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya ginin ya zama gidan tarihi.

Daga nan sai kwano da siminti suka karɓe gari. Ba na ganin laifin kowa: rufin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, wanda ya taɓa kwana da kwarya a gefen gado yana taron yoyo ba zai zagi kwano ba. Sai dai shiga ɗakin taro mai kwano a watan Afrilu in an ɗauke wuta, sannan ka shiga tsohon zaure, jikinka zai gaya maka bambancin.

Yanzu Turawa sun dawo kan ice, don sarrafa siminti na fitar da hayaƙi mai yawa. A Nowe an kammala bene mai hawa 18 na katako a 2019. A maƙwabtanmu Nijar kuwa, masallacin Yama da Falke Barmu ya soma ginawa a 1962 da ƙasa da ice ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Matsalarmu a nan ita ce giginyar kanta. Tana ɗaukar shekaru da dama kafin ta isa azara, masu sara sun fi masu shuka yawa. Muruci da muke saye a tire ma jaririyar giginya ce aka tono. Furodusan da ke neman lokeshin na fada a yau, in bai samu tsohon zaure ba, sai ya kama falon otal mai silin, a shimfiɗa kilishi, a ce wai fadar sarkin zamanin da ce.