Takardar bayanin aikin ƙaba: abin da ke cikinta da yadda ake karanta ta

Duk wanda aka yi wa aikin ƙaba, wadda ake kira gwaiwa idan ta sauka cikin maraina, akwai takardar da likitan fiɗa ke rubutawa a kansa bayan an fito daga ɗakin tiyata. A asibitocin Nijar da Kamaru da Chadi da Benin sunanta “compte rendu opératoire”, a taƙaice CRO; a Ghana da Najeriya kuwa da Turanci ake rubuta ta. Daban take da takardar sallama da ta magani, domin ita ce ke faɗin abin da aka tarar a ciki da abin da aka yi masa. Sau da yawa tana zama cikin fayil ɗin asibiti sai majiyyaci ya nemi kwafinta.

Ga masu yin jinya a wata ƙasa alhali suna zaune a wata, neman kwafin ya zama dole. Wanda aka yi wa aiki a Garwa ya koma Njamena, idan kumburin ya dawo bayan shekaru, likitan da zai duba shi tabo kawai zai gani, tabo kuwa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa.

Saman takardar suna ne da kwanan wata da sunayen likitoci, sai irin maganin kashe zafi: “rachianesthésie” allura ce ta gadon baya mai kashe rabin jiki na ƙasa, “anesthésie générale” kuma sa barci gaba ɗaya. Daga nan sai sunan cutar. “Inguinale” ƙabar matsematsi ce, wadda ta fi yawa, musamman ga maza. “Crurale” tana ɗan ƙasa da ita, an fi ganinta ga mata, kuma ta fi saurin shaƙe hanji. “Ombilicale” ta cibiya ce, “éventration” kuwa wadda ta ɓullo ta tabon wani tsohon aiki, kamar na haihuwa. Ya kamata a tabbatar an rubuta ɓangaren daidai: “droite” dama, “gauche” hagu.

Sashen da ya fi nauyi shi ne na abin da aka tarar. Ƙaba jaka ce ta tantanin ciki da ta kutsa ta wata kafa a bangon ciki, likita kuma yakan faɗi abin da ke cikin jakar, ko kitsen da ke lulluɓe hanji, ko hanjin kansa. Kalmar “étranglée” na nufin kafar ta shaƙe shi har jini ya kasa isa. Idan aka ga “viable”, hanjin ya farfaɗo an mayar da shi. Idan aka ga “résection” da “anastomose”, an yanke wani yanki da ya mutu aka haɗa bakunan biyu. Wannan aiki ya wuce na ƙaba kaɗai: jinyarsa ta fi tsawo, kuma a irin wannan hali likitoci kan guji sa raga saboda tsoron ƙwayoyin cuta.

Ragar ita ce abu na biyu da ake nema. A takarda za a ga “plaque” ko “prothèse”, wato saƙar zaren roba da ake shimfiɗawa a kan kafar, nama ya tsiro ya riƙe ta, ta zauna a jiki har abada. Sunan hanyar da aka bi shi ma yana tona asirin. Lichtenstein, hanyar da ta bazu daga Amurka tun shekarun 1980, da raga ake yin ta. Bassini, ta wani likitan Italiya na shekarun 1880, da Shouldice ta Kanada, ɗinki ne na naman mutum da kansa, babu raga. Har yanzu ana yin su sosai inda raga ke tsada, kuma aikin Shouldice a hannun gwani yana da ƙarko, amma a jimlace ƙaba ta fi dawowa idan ba a sa raga ba. TAPP da TEP kuma aikin ƙananan huji ne da kyamara, inda ragar ke zama ta bayan bangon ciki.

Wurin da ragar take ba ƙaramin bayani ba ne. Idan ƙabar matsematsi ta dawo, ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a shiga ta hanyar da ba a taɓa ba: wanda aka yanka ta gaba a bi masa ta baya, wanda aka yi wa ta baya a yanka ta gaba, don kauce wa tabon ciki da jijiyoyin da suka manne.

Akwai ƙananan layuka da kan warware damuwa. Idan an rubuta cewa an yanke “nerf ilio-inguinal”, shi ne dalilin mutuwar fata a matsematsi da saman cinya. “Drain” robar fitar da ruwa ce da ake zarewa cikin ƴan kwanaki. Zaren “résorbable” narkewa yake da kansa, “non résorbable” na fata kuwa ana cire shi, galibi bayan kwana 7 zuwa 10. “Compte des compresses exact” na nufin an ƙirga audugar da aka yi aiki da ita, babu wadda ta saura a ciki.

Takardar ba ta maye gurbin komawa asibiti. Zazzaɓi, mugunya, jan miki mai ƙaruwa, ko amai tare da kumburin ciki da kasa fitar da iska, duk na neman likita ne a ranar. Wasu asibitoci kan manna lambar ragar da sunan kamfaninta a jikin takardar. Idan akwai, a ɗauki hotonta da waya tare da sauran shafukan kafin a kama hanyar gida.