Suna Amana Ne: Daga Annabi Yahaya Zuwa Bakin Komadugu



Ya ɗan'uwa, kafin ka raɗa wa jaririnka suna, ka tuna akwai bayin da Allah da kansa ya zaɓar musu suna tun ba a haife su ba. A Suratu Maryam, aya ta 7, an yi wa Annabi Zakariyya bushara da ɗa mai suna Yahaya, sunan da ba a taɓa sa wa kowa ba kafinsa. A Ali Imrana, aya ta 45, mala'iku suka sanar da Nana Maryam sunan Annabi Isa. Aminci ya tabbata a gare su.

Maƙwabtanmu Kirista ma suna da wannan labari a littafinsu, wanda aka buga cikakke da Hausa a 1932. A Linjilar Luka, dangi sun so a mayar wa yaron sunan ubansa a rana ta takwas, uwar ta ƙi, Zakariyya ya nemi allo ya rubuta sunan da mala'ika ya kawo. A littafin Farawa kuwa, mala'ika ne ya faɗa wa Hajara sunan Isma'ila. Mun saɓa da su a aƙida, amma ka ga girman suna abu ne da Ahlul Kitabi suka daɗe da saninsa.

Yankinmu ya gaji wannan tun da daɗewa. Wajen shekara ta 1085 Mai Hume na Kanem ya hau mulki yana Musulmi, kuma a ƙarni na 15 Mai Ali Gaji ya gina Birnin Ngazargamu kusa da kogin Komadugu. Da tafiya ta yi nisa, harshen Barebari ya sarrafa sunayen: Muhammadu ya zama Modu, Abubakar ya zama Bukar, Fatima ta zama Falmata. Duk Bukar da ka gani a kasuwar Diffa, sunan Siddiƙu yake ɗauke da shi.

To, tun harin Bosso da Diffa na Fabrairun 2015, iyalai da yawa sun rabu da gonakin tattasai da dabbobinsu. Wani uban kan jinkirta suna don kunyar rashin rago. Ka sani a Risala ta Ibn Abi Zaid, yanka ɗaya ne ranar bakwai, ga namiji ko mace, kuma ba farilla ba ne. Manzon Allah (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren haihuwarsa, ya kuma canja munanan sunaye, kamar yadda ya mayar da wata mai sunan saɓo Jamila.

Saboda haka kada ka ci bashi don shagali. Ka zaɓi suna mai kyakkyawar ma'ana, ka yi wa yaron takardar haihuwa, in kana da hali ka taimaki maƙwabcinka ɗan gudun hijira da ragon suna.

Allah ya raya mana zuriya bisa Sunna, ya dawo da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.