Ƙaramar madatsar ruwa ta ƙasa

Ƙaramar madatsar ruwa ta ƙasa, wadda mutanen karkara ke kira dam, tudu ne na laka da jar ƙasa da ake daddaɓewa a tare bakin kwari ko rafi, domin ruwan damina ya kwanta maimakon ya wuce. A kudancin jihar Sakkwato, wajen Tambuwal da Kebbe, ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, daga nan sai dogon rani. Ƙauyen da ke nesa da Gulbin Zamfara shi ya fi sanin darajar wannan ruwa: shanun Fulani su sha, mata su ɗebi na wanki, masu lambu su ja da inji su shayar da albasa da tumatir.

Ba ta kai girman madatsun Bakolori da Goronyo ba, amma ta fi kusa da talaka.

Rauninta rashin kula. Yashi yakan cike cikinta shekara bayan shekara, kuma idan mafitar rarar ruwa ta toshe, ambaliya ɗaya ta isa ta ɓalle tudun. Yaran da ke wanka a ciki sukan kamu da tsargiya. Madatsar da ba a yashe ta, da wuya ruwanta ya kai bazara.