Erebor: Dutsen da Masu Shi Ba Su Faɗi Sunansa Ba

A ranar 21 ga Satumba 1937 kamfanin George Allen & Unwin na Landan ya fitar da The Hobbit, littafin yara da J.R.R. Tolkien, farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oxford, ya rubuta. Labarin wadanni goma sha uku ne da suka kama hanyar ƙwato masarautar kakanninsu daga hannun Smaug, dodo mai aman wuta. Masarautar a cikin wani dutse take, wanda labarin ke kira Dutsen Kaɗaici kawai, mai mulkinta kuma Sarkin Ƙarƙashin Dutse. Sunan Erebor daga baya ya zo, kuma daga Sindarin ne, harshen da Tolkien ya ƙirƙira wa jinsin Elf, ma'anarsa ita ce dai Dutsen Kaɗaici.

Tarihin masarautar kuwa daga kuskure ya tsiro. Taswirar da ke cikin littafin ta nuna Thrain a matsayin sarkin dutsen na dā, alhali labarin ya ce Thror ne sarki lokacin da dodon ya zo, Thrain ɗansa ne. Marubucin da ke gaggawa da sai ya gyara taswirar ya huta. Tolkien bai yi haka ba. A bugu na biyu na 1951 ya ƙara bayani cewa taswirar daidai take, wani Thrain ne na farko ake nufi, kakan kakanni da ya gudo daga Moria. Da haka aka samu sarki sabo, da hijira, da shekaru ɗaruruwa da ba su cikin lissafi a dā.

Jadawalin shekaru da ya biyo a ƙarshen The Lord of the Rings a 1955 shi ne ke warware tambayar ko Erebor dutse ne ko ƙasa. Thrain na Farko ya kafa mulki a can a shekara ta 1999 ta Zamani na Uku. Ɗansa Thorin na Farko ya ƙaura da gadon sarauta zuwa Duwatsun Toka a 2210, sai a 2590 Thror ya maido da shi. Smaug ya ci garin a 2770, aka ƙwato shi a 2941. Ke nan dutsen ya yi shekara 380 ba sarki a cikinsa, ya kuma yi 171 a hannun dodo. Erebor sunan wuri ne. Masarautar baƙuwa ce mai zuwa ta tafi, kuma zuriyar Durin ce ke ɗauke da ita duk inda ta sauka.

Sunayen sarakunan ma aro ne. Durin, Thorin, Thror, Thrain da akasarin abokan tafiyar an ɗebo su ne daga jerin wadanni na Völuspá, tsohuwar waƙar mutanen Aislan da ke cikin kundin ƙarni na 13. Har Gandalf daga nan ya fito, kuma a rubutun farko shi ne shugaban wadannin, boka kuwa Bladorthin ne sunansa. Da Tolkien ya fara haɗa labarin da babbar duniyarsa, waɗannan sunaye na arewacin Turai suka zame masa ƙarfen ƙafa. Mafitar da ya samo ta fi ta taswira kyau: ya ce sunayen waje ne, waɗanda wadanni suka aro daga harshen maƙwabtansu 'yan Adam na Arewa. Sunayensu na gaskiya suna cikin harshensu, Khuzdul, ba sa faɗa wa bare, ko a kan kabari ba sa rubutawa.

Khuzdul ɗin an gina shi bisa saiwar baƙaƙe uku, kamar Larabci da Ibrananci. Wanda ya san yadda k-t-b ke haifar da kitab da katib zai gane yadda kh-z-d ta ba da Khazâd, wato wadanni, da Khuzdul, harshensu. Tsohon birninsu yana da suna a wannan harshe, Khazad-dûm, ko da yake Moria na Elf, wato Baƙin Rami, ya fi shi yaɗuwa. Dutsen Kaɗaici bai samu ko wannan ba: a cikin littattafan biyu babu inda wani wada ya kira shi da harshen gidansu.